Huji na Bakwai

Moonta, farkon Maris

Zuwa ga jikata Kerensa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, aiki kuma yana barin ki ki ci abinci a zaune. Ni dai ina nan yadda kika bar ni: ƙafa ta ƙi, kunne ya ƙi, sai hannu da ke ɗan yarda idan an lallaɓa shi. Shi ya sa har yanzu nake wahalar da ke da takarda, tunda murya a waya ba ta da bambanci da kukan sauro a kunnena.

Zanen da kika aiko ya iso. Sista Losa, mai kula da ɓangarenmu a gidan nan na tsofaffi, ita ta kawo min shi tare da shayin safe. Ta ce, "Baba Aubrey, ga hoton murfin tukunya an aiko maka." Na ce mata wannan murfin garkuwar kumbo ne, shi zai sha wutar idan kumbon ya faɗo cikin iskar duniya. Ɗigon nan bakwai kuwa huji ne, kowanne da siririn bututu a bayansa zuwa na'urar auna matsin iska. Idan na ƙasa ya fi na sama jin dannar iska, an san kumbo ya ɗaga hanci. Idan na dama ya fi na hagu, an san ya karkace. Daga nan ake fitar da gudunsa da kaurin iskar da yake ratsawa. Ta ce, "Kamar dai in leƙa da kai ta tagar mota, in ji kuncin da iska ta fi mari?" Na ce mata ta gama karatun da na yi shekaru ina yi.

Aikinki ya yi kyau, 'yar nan. Mu a zamaninmu a sansanin hamada, huji uku muke yi a hancin roka mu haɗa da addu'a. Na kuma ga sunana a ƙasan takardar cikin masu ba ku shawara. Na san don ki faranta min kika sa, to kin faranta. Na nuna wa duk wanda ke iya gani a ɗakin cin abinci, har da waɗanda ba su iya.

Na ga abin da kika rubuta a ƙarshe, cewa daga yanzu ba za ki samu zuwa ba sai bayan an harba kumbon a Oktoba. Na fahimta. Ni ma haka na yi wa kakarki Enid, ba sau ɗaya ba.

Sai dai akwai abu ɗaya. Hujin nan na bakwai, wanda ke kusa da kafaɗar garkuwa, raina bai kwanta da shi ba. A nan garkuwar ta fi siranta, a nan kuma wuta take juyawa. Ina tsoron kada bakinsa ya ci ya faɗaɗa. Magana ce da ba ta shiga takarda, sai an zauna da zane a gaba. Idan kin samu wata Lahadi, ko ta awa biyu ce, ki zo mu duba.

Ki huta lafiya, Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Aubrey Pengilly

*

Moonta, tsakiyar Maris

Zuwa ga tsohon abokin aikina Wilf Nitschke,

Bayan gaisuwa, yaya girbin inabi, yaya kuma ƙugun naka? Ina fata 'ya'yanka sun ɓoye maka makullin tarakta.

Wilf, yarinyar ta zo. Ta tuƙo tun daga Adelaide da sassafe, ta tsaya ta sayo mana fasti biyu masu zafi, burodin nan mai cushen nama, irin wanda Enid take cewa dankali ya fi nama yawa a ciki. Muka share teburin bakin taga, muka shimfiɗa zanen, muka danne kusurwoyinsa da kwalbar gishiri da kofuna. Rabona da in ji ana tambayata wani abu ban da "Ka sha maganin?" har na manta.

Ta ce, "Kaka, nuna min. Me ka gani wanda mu goma sha ba mu gani ba?"

Na ce, "Ku goma sha kuna kallon allo, ni na ga garkuwa bayan ta faɗo."

Ta ce, "To, tsoho mai fariya, fara."

Na fara. Na ba ta labarin ranar da muka bi sawun hancin roka a cikin jar ƙasa har rana ta kusa faɗuwa, muka tarar da shi a gindin wata ƙaya, kai kuma ka ɗora hannu a kai ka ƙone. Na ba ta labarin yadda kake busa hayaƙin lofe a kowane bututu don ka tabbata ba a haɗa su a baibai ba. Ta yi dariya har da hawaye. Tana rubuta duk abin da na faɗa game da kafaɗar a ɗan littafinta. Ba ta tafi ba sai da aka buga ƙararrawar abincin yamma. Ta ce za ta dawo idan ta sake duba lissafin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hujin nan ba shi da laifin komai. Na duba shi tun ranar da zanen ya iso, yana nesa da inda wuta ke juyawa da kusan faɗin tafin hannu. Bututun kuma toshe yake a ƙarshe, iska ba ta wucewa balle ta ja wuta ciki. Da ni ne ma a nan zan sa shi. Abin da ya faru shi ne na karanta "sai bayan Oktoba," na duba kalandar da ke jikin bango, na ga yawan shafukan da ke tsakani, sai hannuna ya rubuta abin da ya rubuta.

Ka san ɗakin da ke kusa da nawa? Sau biyu mai shi yana rasuwa ana sa wani tun Kirsimeti. Ba ina neman uzuri ba ne, ina dai gaya maka abin da nake gani idan na buɗe ƙofa.

Ina jin nauyin abin, amma kaɗan. Za ta duba, ta ga babu komai, ta ce tsufa ya fara taɓa Kaka, shi ke nan. Wa aka cuta?

Ka gai da mutanen gida.

Naka,
Aubrey

*

Tanunda, ƙarshen Maris

Aub,

Gaisuwa. Inabi ya shiga, ƙugu yana nan, makulli kuma na san inda suka ɓoye.

Kai tsohon banza ne. Kana tambayata wa aka cuta? Sunanka yana kan takardar, mutumina. Kai ba kakan wata ba ne yanzu, mai ba da shawara ne. Ko ka manta dokar da mu da kanmu muka kafa a sansani bayan asarar nan ta rokar da kowa ya ga alamar matsala amma kowa ya yi shiru? Duk shakkar da aka furta a ɗakin tantancewa, ba a hawa kanta a wuce. Ko dai wanda ya kawo ta ya janye ta da bakinsa ya faɗi dalili, ko a kai abin cikin wuta a gwada. Kai ne ma ka fi kowa buga tebur a kan haka. Yaran nan har yau da ita suke aiki, ɗan ƙanwata da ke aiki tare da su ya gaya min.

Kuma kai ka koya wa yarinyar kada ta taɓa haɗiye shakka. Me kake tsammani za ta yi da taka?

Rubuta mata yau. In kaɗaici ne ya dame ka, ka ce a kawo ka nan ka taya ni zagin jikokina.

Wilf

*

Adelaide, Afrilu

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da shirun da na yi da kuma rashin dawowata, abubuwa sun cakuɗe.

Na sake lissafin kafaɗar nan ta duk hanyar da na sani, kullum yana nuna min babu matsala. Amma na kasa barin maganar. Idan kai ka ce ranka bai kwanta ba, to akwai abin da idona bai kai ba. Don haka na kai ta zaman tantancewa da sunanka, kamar yadda ka koya min.

Ka san Dakta Halloran, shugabar masu garkuwa. Tun farko ba ta son a huda mata garkuwa ko da allura, kuma ban ga laifinta ba, ita za a tambaya idan kumbo ya ƙone. Da ƙyar na shawo kanta a bara. Da ta ji daga wurin wa shakkar ta fito, sai ta ajiye biro ta ce, "Idan Pengilly yana tsoron ɗaya, ni ina tsoron duka bakwai. Ba wanda zai kawo min abin huda kusa da garkuwa sai an rufe wannan magana."

Tanderun gwajin da zai iya hura irin wannan wutar yana ƙasar waje, kuma layinsa ya kai baɗi. Garkuwar kuwa a ƙarshen Mayu za a manne ta a jikin kumbo, daga nan ba sauran huda. Idan ba a rufe maganar kafin lokacin ba, kumbon zai tashi ba tare da na'urorina ba. Zai je ya dawo, ba wanda zai san yadda ya yi a hanya, sai hasashe. Aikin da na yi tun da na gama karatu ke nan.

Na ba da shawarar a cire na bakwai a bar shida, ta ƙi. Ko da ta yarda ma, shi ne abokin na shida, in babu shi ba zan iya gane karkatar gefe ba.

Kada ka damu kanka, Kaka. Ba laifinka ba ne. Gara in rasa aikin da in zama wadda ta ƙona kumbo. Abin da ya fi ci min rai shi ne na shekara ina kallon zanen nan ban gani ba, kai kuma kallo ɗaya ka yi masa. Har na fara tunanin ko wannan sana'ar ba tawa ba ce.

Idan kana da lissafin da ka yi, ko a bayan ambulan ne, ka aiko min. Akwai wani zama a tsakiyar Mayu.

Ka riƙa saka rigar sanyin nan mai toka, an fara sanyi.

Jikarka,
Kerensa

*

Moonta, ƙarshen Afrilu

Wilf,

Gaisuwa. Ban rubuta mata ba lokacin da ka ce. Na fara sau da yawa, Sista Losa ta gaji da kwashe takardu daga kwandon shara. Yanzu ga wasiƙarta na haɗo maka, ka karanta ka dawo min da ita. Ka dubi inda ta ce ba laifina ba ne. Ka dubi inda ta ce ko sana'ar ba tata ba ce. Yarinyar da tun tana aji biyu take ɗaura bututun roba a jikin keke don ta auna iska.

Ka san abin da na yi bayan na karanta? Abin kunya ne, amma kai kaɗai zan gaya wa. Na ciro rular lissafina, wadda muke aiki da ita kafin zuwan kwamfuta, daga akwatin Enid, na zauna a teburin taga kowace safiya bayan karin kumallo, ina neman laifi a jikin hujin. Ina roƙon Allah ya sa in samu. Da na samu ko ɗan ƙanƙani, da na zama tsohon da ya ceci kumbo, ba wanda zai san komai. Na ƙara wa wutar zafi fiye da abin da zai yiwu. Na rage wa garkuwar kauri. Na karkatar da kumbon kamar direbansa ya sha giyarka. Hujin ya tsaya daram. Yarinyar ta iya aikinta, Wilf, ta fi mu iyawa, ni kuma na zauna ina fatan ta yi kuskure.

Sista Losa ta ga na daina cin abinci sosai. Ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu ta ce, "Baba Aubrey, ko dai ka gaya min, ko in kira likita ya zo ya tsikare ka." Na gaya mata. Sai ta ce, "A nan gidan akwai mai ƙaryar ciwon ƙirji don 'ya'yanta su zo, akwai mai ɓoye haƙoransa na roba don a taya shi nema. Amma kai ne na farko da ya tsayar da kumbo." Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Na yi tunanin in aika musu da sabon lissafin in ce na sake dubawa na ga kuskure na yi. Da an tsira da mutunci. Me ka gani?

Naka,
Aubrey

*

Tanunda, farkon Mayu

Aub,

Ga wasiƙarta na dawo maka da ita. Na karanta, ban ji daɗi ba.

Ba za ta yiwu ba, kai ma ka sani. Dokar ba ta ce a janye kawai ba, ta ce a nuna abin da aka sani da, da abin da aka sani yanzu. Matar nan, Dakta Halloran, za ta ce ka kawo lissafin farko ta ga inda ya kauce. Idan ka ce ji ne kawai na tsohon hannu, to ka ƙara tsoratar da ita, don ji ba ya janyuwa da rula. Sai ta ce a jira tanderu. Ko kuwa za ka zauna ka ƙirƙiro lissafin ƙarya mai kuskure a ciki? Idan ka yi haka kada ka sake rubuto min.

Ka je da ƙafarka, ko da kujerarka. Da na raka ka, amma an sa ranar yanka ƙuguna. Ka sa taye, kuma ka aske gemun nan.

Wilf

*

Moonta, tsakiyar Mayu

Zuwa ga Wilf,

Gaisuwa da fatan an yi aikin lafiya, kuma ba ka zagi likitocin da yawa ba.

Na je. Sista Losa ce ta kai ni a motarta ranar hutunta, ta naɗe kujerata mai taya ta sa a bayan motar, ta yi ta waƙoƙin cocinsu na Tonga tun daga Kadina har muka shiga gari, wai don kada in yi tunani. Na sa taye.

Niyyata in gaya wa yarinyar tun a waje, ita kaɗai. Ta tarye mu a bakin ƙofa da gudu, ta rame, idanunta sun faɗa. Na kama hannunta na ce, "Kerensa, tsaya, akwai maganar da..." Sai ta sunkuyo ta gyara min taye ta ce, "Kada ka ji tsoronsu, Kaka. Ka tsaya a kan gaskiyarka ko da ni za ta kayar." Wilf, sai na haɗiye maganar. Na bari ta tura ni ciki. Wannan ma wani laifin ne a kan na farko, don ya kamata ta ji kafin kowa.

Ɗakin cike yake da yara. Wasu sun miƙe tsaye da aka shigo da ni, wani ma ya ce ya karanta rubutuna a jami'a. An jingina garkuwar gwaji a bango, baƙa, faɗinta ya kai teburin cin abinci. Dakta Halloran mace ce gajera mai furfura, ta sa aka matso da ni kusa da ita don in ji, tana magana tana kallon fuskata yadda ake yi wa kurma. Na gode mata a raina.

Na ce na zo janye shakkata. Na miƙa mata lissafin. Ta bi shi layi layi da bakin biro, ba ta yi sauri ba. Ta ce, "Da rula ka yi wannan?" Na ce da ita. Ta ce, "Ka fi mu rowa, ka matse shi ta ko'ina, kuma ya tsaya. Madalla. To ina na farkon, wanda ya haifar da shakkar?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "Ya ɓata?"

Na ce, "Ba a taɓa yin sa ba."

Ta ce, "To me ka gani a jikin hujin, Mista Pengilly? Ko a wata tsohuwar roka ka taɓa ganin irinsa? Faɗa mana ko da ba shi da lamba."

Ka ga ƙofar da ta buɗe min, Wilf. Da na ce e, da sun gyaɗa kai cikin girmamawa, da kuma aikin yarinyar ya mutu a nan. Na ce, "Ban ga komai ba. Tun ranar farko na san hujin lafiyarsa ƙalau. Jikata ta rubuto ta ce ba za ta samu zuwa ba sai Oktoba. Na so ta zo ranar Lahadi, shi ne na ce akwai matsala."

Yaron da ya karanta rubutuna ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ban so in dubi Kerensa ba, amma na duba. Ba kuka take ba. Kallona take kamar tana neman wani a fuskata ba ta same shi ba.

Dakta Halloran ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Ka san makonnin da wannan ya ci mana?" Na ce na sani. Ta ce, "Ba ka sani ba. Ita ta sani." Sannan ta juya ga sauran ta ce mai shakka ya janye, ya faɗi dalili, dalilin kuma ba ya cikin garkuwa, don haka an rufe. Ta ce wa Kerensa, "Ke kin yi daidai. Kin ji, kin kawo. Gobe ma ki kawo. Ki shirya mutanenki, Litinin za mu huda."

Na roƙi a cire sunana daga takardar. Ba wanda ya ce a'a.

Yarinyar ba ta rako ni ba. Wani ne ya turo ni har mota. A hanya Sista Losa ba ta yi waƙa ba, ta dai tsaya a Port Wakefield ta sayo min shayi, ta riƙe min kofin na sha.

Sunan nan shi kaɗai ya rage min, ka sani, kuma na yi mamakin yadda rashinsa bai dame ni ba. Kallon nan na Kerensa ne ya biyo ni gida.

Allah ya ba ka lafiya.

Aubrey

*

Moonta, bayan kwana biyu

Kerensa,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki karɓa.

Ba zan tsawaita ba. Abin da na faɗa a ɗakin nan ke ya kamata ki fara ji, a bakin ƙofa, ko ma tun a Maris. Tsoro ya hana ni. Na ci miki makonni, na sa kin yi shakkar kanki, na kunyata ki a gaban abokan aikinki. Ban da wata hujja.

Abu ɗaya nake so ki riƙe, ba don ki yafe min ba. Na nemi kuskure a aikinki da dukan abin da na sani, ina so in samu, ban samu ba. Sana'ar taki ce.

Ba sai kin ba ni amsa ba, ba kuma sai kin zo ba. Sista Losa ta ce za ta nemo min ranar harbawa ta kunna min talabijin.

Ki huta lafiya.

Kakanki

*

Adelaide, farkon Yuni

Kaka,

Gaisuwa.

An huda duka bakwai, an manne garkuwa. Ɗan ƙullin takardar da ke cikin ambulan ɗin nan garin garkuwa ne da ya fito daga huji na bakwai. Kada ka bari Sista Losa ta zuba maka a shayi.

Har yanzu ina fushi, kuma ban san ranar da zan daina ba. Amma na tambayi kaina, da a ce ka rubuto kawai ka ce in zo, da na zo? Ban ji daɗin amsar ba.

Ina nan tafe ranar Lahadi. Ba zan zo da zane ba, kai ma kada ka tanadi komai. Idan mun rasa abin faɗa, sai in tura ka bakin teku mu ci fasti.

Ka sa rigar sanyin.

Kerensa